Lambatun da Babana Ya Haƙa

A garin da aka haife ni, can tsakanin Kazaure da Roni, akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu wanda ban taɓa jin wani ya faɗi alherinsa ba. Rami ne da kakanni suka yi ta ɗibar ƙasar gini a ciki har ya zama tafki, kuma duk ƙazantar garin can take ƙarewa. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya fito ta rariyar kowane gida, ya bi lungu yana karkacewa, ya faɗa can. Mahauta a gefensa suke wanke tumbi da hanji, majema a nan suke zubar da ruwan jima. In damina ta yi nisa, salgar gidajen da ke gangare ta cika ta tumbatsa, ita ma can. Yara kuwa ba sai na faɗi abin da suke yi a bakinsa ba. Ruwan kore ne shar, kainuwa ta rufe rabinsa, sauro kuwa ba a magana.

Abu ɗaya ne da shi, ba ya zuwa ko'ina. Abin da ya shiga ya zauna ke nan. Dauɗar ta kwanta a ƙasa, rana ta yi ta shan ruwan a hankali, da bazara ya ƙafe ya bar baƙar laka, manoma su zo da jakuna da mangala su kwashe su kai gona. Haka muka taso muka gani, muna toshe hanci muna tsine masa.

Babana shi ne mai unguwa, ni kuma 'yar farinsa ce. Saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa kallon idona ya yi mini magana ba. Ina tsaye a gabansa zai ce da ƙanena, "A gaya wa waccan ta kawo buta." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don kowa haka yake yi da ɗan fari. In ya dawo daga kasuwar Roni, sai ya ajiye ƙunshin alewa a kan turmi, ya ce da bango wani ya zo ya ɗauka. Duk gidan an san ko wane ne wanin.

Da na isa aure, sai na auri wani Bafulatani daga wani ɗan ƙauye da ke gangaren garinmu. Ni na gan shi na ce ina so, ta bakin goggona. Mutanensa sun daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo. In ka bar garinmu da sassafe, kafin rana ta yi zafi ka isa. Akwai korama da ke ratsa gefen garinmu, ta sulale tsakanin duwatsu ta sauka wajensu, kuma ita ce ruwansu kaf. Sun sha gwada haƙa rijiya, ko'ina aka sara sai a tarar da dutse. Da damina mu ɗebo a koramar, da rani mu tone yashinta mu jira ruwa ya tsattsafo. Ruwa ne mai daɗi, har ina yi wa ƙannena gorin cewa na rijiyarsu zartsi ne.

Na haifi ɗa namiji. Shi ma ɗan fari ne, don haka ni ma na shiga sahun masu kunya. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, surukata ce ke ɗaukarsa tana yi masa rawa ina satar kallo daga bakin ɗaki. Da lokacin yaye ya yi, wajen ƙarshen rani, na goya shi na kai wa innata kamar yadda aka saba, na ɗan kwana biyu kafin in gudo in bar shi.

A wannan zuwan ne na tarar garinmu yana ta hidima. Zamanin Turawa ne. An ce wani Baturen lafiya ya zo rangadi tare da duba-gari, ya tsaya a bakin kududdufin ya toshe hanci da hankici, ya ce nan ne gidan sauro, nan ne tushen zazzaɓin da ke kayar da mutane. Ya ba da umarni a haƙa lambatu, wato babbar magudana, daga kududdufin zuwa korama, a kuma karkato da rariyoyin gari duka su faɗa ciki, don kada ruwa ya sake kwana a garin. Umarnin ya bi hannu-hannu har ya sauka a kan babana.

Kada wani ya ce tilasta masa aka yi. Murna ya yi, garin ma duka murna aka yi. Kududdufin nan ya taɓa cin yaro, ya hana mutane barci shekara da shekaru. Aka kira gayya, aka kawo makaɗa, samari suka tuɓe riguna suna sara suna ihu. Babana yana tsaye a kan tudun ƙasa da sandarsa yana nuna inda za a bi, rawaninsa ya yi ja da ƙura. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar ranar ba. Mu mata muna cikin gida muna ta dama fura a manyan ƙore ana fita da ita.

Ba wanda ya tambayi inda ruwan zai je. Ba mugunta ba ce. Tun muna yara mun ji cewa ruwan da yake gudu yana wanke kansa, kuma an koya mana cewa muddin launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba, to mai tsarki ne. Wannan karatu gaskiya ne a wurinsa. Sai dai ba wanda ya zauna ya gaya mana cewa hukuncin ruwan alwala daban, abin da cikin yaro zai iya ɗauka daban. A ganin mutanen garinmu, da zarar ƙazanta ta shiga korama ta sha kwanar dutsen nan, ta zama ba ta kowa ba.

Yaron kuwa ya sami kakansa. Mutumin da bai iya kallona ba, ga shi da jikansa a cinya tun safe har azahar. Yana kiransa ɓarawon matata, yana cewa zai sa dogari ya kama shi in ya sake kwana a ɗakin innata. Yaron ya kama gemunsa ya ja, shi kuma ya yi ta kururuwar ƙarya a gaban mutanen da suka zo kawo ƙara. Daga bayan zana nake leƙensu, raina fes. Na san duk abin da ya kasa ba ni ne yake juye wa yaron.

Bayan ruwan shuka aka dawo mini da shi, ya yi ɓul-ɓul, ya manta da nono, yana cin tuwo da hannu biyu. A makon ne aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da muka je korama washegari, sai muka tarar da ita baƙa ƙirin, tana wani irin wari da na sani sarai amma ban yarda na sani ba. Muka ce ai ruwan farko ne, kullum da dauɗa yake zuwa. Bayan 'yan kwanaki kuwa ta washe. In ka ɗebo ka zuba a randa ya kwana, garau za ka gan shi, ba wari ba komai. Tacewa da ƙyalle muka sani, ba mu san a tafasa ruwan sha ba.

Shanu ne suka fara nuna mana. Su zo bakin ruwa su sunsuna, su ɗaga kai su yi tsaye, sai ƙishi ya ci ƙarfinsu su sha. Sannan muka fara ganin kainuwa, wadda ba a taɓa gani a koramar ba, da gashin fata maƙale a jikin ciyawa. Wata rana wata maƙwabciyata ta tsamo wani abu da sanda, muka duba, guntun hanjin akuya ne.

Sai zawo ya shigo ƙauyen, ya bi yara. Tsofaffi suka ce haƙori ne. Waɗanda suka gama haƙori aka ce shanu ne suka ci sabuwar ciyawa, madara ta yi ƙarfi. Nawa kuma aka ce ai yaye ne, kowane yaro sai ya yi. Kowa da dalilinsa, kuma kowane dalili da jiƙonsa. 'Yar maƙwabciyar tawa ce ta fara tafiya, yarinya mai surutu da ba ta daɗe da fara zuwa kiwon 'yan maruƙa ba.

Maigidana mutum ne mai shiru. Wata rana ya kora shanu ya bi koramar sama, har ya kai gindin garinmu. Da ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna a kan turmi yana ta gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Sai da na matsa masa ya ce ya ga bakin lambatun. Ya ce abin da ke fitowa daga ciki ko kare ba zai sa baki ba, kuma kai tsaye yake shiga ruwan da muke sha.

Na ce, "To, gobe sai ka je ka gaya wa Baba."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Wannan mutum ne da in ya hango babana daga nesa zai saki hanya, ya cire takalmi, ya tsuguna a cikin ƙaya har sai ya wuce. Tun da aka ɗaura mana aure ba su taɓa haɗa ido ba. Yanzu in ce ya je ya tsaya a gaban surukinsa ya ce aikin da ka yi, wanda gari ke yabonka a kai, shi ke kashe mana yara? Ya ce, "Ba zan iya ba. Amma za a san yadda za a yi."

Ga yadda aka yi. Ya gaya wa baffansa. Baffan ya ga maganar ta yi nauyi, ya rage mata kaifi ya gaya wa wani amininsa mai dillancin shanu. Dillalin ya rage nasa ya gaya wa na'ibin limamin garinmu ranar kasuwa. Kafin ta isa zauren babana ta zama cewa surukai suna gaisuwa, sun ce bana korama ta kawo ruwa sosai. Babana ya ce alhamdu lillahi, ya aiko mana da goro. Har yau ban manta da goron nan ba. An raba shi, an ci, har ana cewa mai unguwa akwai kirki.

Maigidana ya yi abin da yake iyawa. Ya riƙa sa jaki yana zuwa wata rijiya mai nisa ta wajen Gwiwa, ya ɗebo tulu biyu don yara, alhali ga noma ya kankama. Amma ciwon ya riga ya zauna a cikin ɗana. Duk ƙibar da ya yi a gidan kakansa ta zube. Idanunsa suka faɗa, fatar cikinsa in ka ja sai ta tsaya. Ba abin da yake nema sai ruwa, ya sha, ruwan ya bi zawo ya fita, ya sake miƙo hannu. Yana kwance a cinyar surukata, ni kuma ina daka a tsakar gida, don ba a son a ga uwar ɗan fari tana rawar jiki a kansa. Wallahi na tsani kunya a kwanakin nan, na tsane ta kamar in kama ta in shaƙe.

Ranar da ya kasa ɗaga kai, na ajiye taɓarya na ɗauki mayafi. Na ce da surukata, "Inna, zan je gida." Ta dube ni, ta dubi yaron, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in bi ta tudu, hanyar rafi da santsi.

Na sami babana a zaure da mutane. Matar aure, kuma 'yar fari, ba ta tsayawa a zauren ubanta in da maza, wucewa take yi sumsum kai a ƙasa. Ni kuwa na tsuguna a tsakiya na gaishe shi. Ya juya fuska wajen bango, ya ce da ƙanena, "A tambaye ta ko lafiya."

Na ce, "Baba, ni za ka tambaya, ga ni a gabanka. Ba lafiya ba. Lambatun nan da aka haƙa, a cikin randarmu yake zuba. An binne yarinya ɗaya, wasu suna kwance. Jikanka ma yana kwance."

Na ga hannunsa ya tsaya a kan carbi. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Yarinya, ai ruwan da ke gudu ba ya riƙe dauɗa." Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, hanjin akuya muka tsamo a ciki. Bai narke ba."

Da babana ya buɗe baki, bangon dai yake kallo. Ya ce aikin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, daga sama aka ce a yi, kuma abin da Bature ya sa aka haƙa mai unguwa ba ya tashi kawai ya toshe. Zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a turo duba-gari ya gani. Na ce, "Kafin maganar ta je ta dawo, wa zai rage?" Ban jira amsa ba, na tashi na shige cikin gida.

Innata ta riga ta ji, don zauren da tsakar gida zana ce kawai a tsakani. Ta fara da faɗa, wai na zubar musu da mutunci, wace irin 'ya ce za ta tsaya tana mayar wa ubanta magana a gaban jama'a. Tana cikin faɗan muryarta ta karye. Ta ƙulla mini saiwoyi a gefen mayafi, ta ce gobe da sassafe in goyo shi in kawo mata, ko da ruwan rijiya kaɗai ta san zai tashi.

Na koma da niyyar haka. Amma kafin gari ya waye hadari ya haɗo, aka wuni ana ruwa, korama ta cika ta haye duwatsu. Ko ta tudu ka bi sai ka tsallake ta a wuri ɗaya, ga shi ko namiji ba ya iya shiga. Muka zauna muna jiran ta janye. Washegari da hantsi, tana nan dai tana ruri, yaron ya cika a hannun surukata. Ta shafa masa ido, ta ce da ni, "Sai haƙuri." Aka ɗauke shi a ɗan guntun farin ƙyalle, ban bi su da kallo ba, don ana kallona. Na shiga bayan rumbu na cusa mayafi a baki.

Da ruwa ya janye aka aika gida. Ban sa ran ganin babana ba, don uba ba ya taka gidan auren 'yarsa, balle ta fari. Innata da goggona na sa ran gani. Sai ga yara sun shigo da gudu suna cewa ga wani tsoho nan tafe ta cikin rafi. Na leƙa ta kan dangar kara. Shi ne, a ƙasa, ba jaki ba ɗan rakiya, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, laka har gwiwa. Bai bi ta tudu ba. Koramar ya biyo tun daga bakin lambatu har ƙofar gidanmu, ya ga duk abin da ke maƙale a ciyawarta da idonsa.

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin kanyar da ke ƙofar gida. Maigidana ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan na ji muryar babana, ta dushe kamar ba tasa ba, yana gaya wa mahaifin maigidana cewa kafin ya taso ya sa samari sun cike bakin lambatun da ƙasa da duwatsu. Ya ce bai jira dagaci ba, in rawanin ne a zo a karɓa. Mahaifin maigidana ya ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Kwana ne ya ƙare."

A cikin gida kuwa mata sun shiga kallon juna. Baƙo ya sha tafiya, dole a kai masa abin sha, ga shi ruwan rijiyar nan ya ƙare tun jiya saboda masu gaisuwa, ba wanda ya sami sukunin zuwa ɗebo wani. Abin da ke cikin randa na korama ne. Surukata ta yi dabara, ta zuba madara a sabuwar ƙwarya ta ba wata yarinya ta kai. Jim kaɗan yarinyar ta dawo da ƙwaryar a cike. Ta ce, "Ya ce an gode, amma ruwa yake so. Wai irin wanda ake sha a gidan."

Ba wadda ta motsa. Sai na tashi na ɗauki moɗa, na buɗe randa na cika ƙwarya. Ruwan ya kwanta, garau yake, kana ganin zanen ƙwaryar a ƙasansa. Na fita da shi da kaina, na tsuguna na ajiye a gabansa. Na ce, "Na korama ne, Baba. Ba mu da wani."

Ya ɗauka da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ina jin saukar ruwan a maƙogwaronsa, yana zuba ta gefen gemunsa yana jiƙa masa riga, bai sauke ba sai da ya shanye tas. Mahaifin maigidana ya miƙa hannu kamar zai hana shi, ya fasa. Babana ya riƙe ƙwaryar yana kallon cikinta, sannan ya miƙo ta ya ce, "A ƙaro."

Na zo ne da fushin da nake jin zai ishe ni har in mutu. Da na ga yadda tsohon nan ya zube a kan tabarma, laka tana bushewa a ƙafafunsa, sai na nemi fushin na rasa, tausayi ne kawai ya rage. Na karɓi ƙwaryar na kife ta a ƙasa.

Na ce, "Ya isa, Baba. Na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba."